Ranar da Na Sauke Kayan Alhaji a Hanyar Lyon

Abubuwa da yawa sun same ni a zamana na Faransa, wasu na manta su sarai, wasu sai an tuna mini. Amma ranar da na sauke kayan Alhaji a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Paris zuwa Lyon, wannan kam ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, ba za ta fita daga kaina ba. Har gobe akwai gidajen mutanenmu a Stains da Montreuil, unguwannin gefen Paris, da in za a kwatanta ni sai a ce, ai matar nan da ta zubar da saƙo a titi. Ban zubar ba, saukewa na yi. An daɗe ana ba da labarin nan ba da bakina ba, yau ga nawa.

Lokacin muna zaune a Stains, can saman wani dogon bene da asansarsa, na'urar nan mai hawa da mutane sama, ta fi yawan hutu a kan aiki. Ni ina aiki a gidan kula da tsofaffi, maigidana kuma yana ɗakin bincike a jami'a. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. 'Ya'yanmu uku: babbar mace ce, ta shiga lekol, wato makarantar boko, mai bi mata namiji, sai auta da bai daɗe da fara tafiya ba. A wurin mutanenmu babban hutun shekara iri biyu ne kawai, ko a tafi gida Nijar, ko a zauna a ɗaki. Tafiya gida da mutum biyar ba kowace shekara take yiwuwa ba, saboda haka mu 'yan zaman ɗaki ne.

Wata shekara da aka koma lekol, malamar su babbar 'yata ta ce kowa ya zana inda ya je hutu. Wasu suka zana teku, wasu duwatsu, wasu tanti a cikin ciyawa. Tawa ta zana tagar ɗakinmu da filin ajiye motoci da ake hangowa a ƙasa. Ta kawo mini tana murna, wai in duba yadda ta iya zana tayoyi. Na yaba mata, na liƙa takardar a jikin firiji, na shiga kicin na rufe ƙofa na sha kukana. Da na fito na ce wa ubansu, baɗi ko da ƙafa ne sai yaran nan sun ga wani abu ban da bayan motocin maƙwabta.

Allah da ikonsa, wata abokiyar aikina Bafaranshiya mahaifinta ya tsufa ya daina tuƙi, yana neman rabuwa da karabansa. Karaban shi ne ɗan ɗakin nan mai taya biyu da ake ɗaura wa mota a baya a ja shi. Tsoho ne, fentinsa ya koɗe, amma cikinsa tsaf: gadon manya a gaba, ɗan murhun gas da tebur a tsakiya, can ƙuryar baya kuma gadon yara mai hawa biyu. Da muka je ɗauka, dattijon ya yi ta nanata mana abu guda kamar mai karanta wasiyya. Kada a cika shi da kaya, abin da yake da nauyi a sa shi a tsakiya daidai kan tayoyi, ba a baya ba. In kuma ya taɓa yi muku rawa a kan hanya, a ɗage ƙafa daga totur, kada a danne birki. Muka ce mun ji, muka yi godiya.

Kafin mako ya zagayo labari ya gama gari. Kai, mun sha dariya! Wata ta ce mun zama katantanwa, muna yawo da ɗakinmu a baya. Wani abokin maigidana ya ce, "Malam, kun koma makiyaya, to ina shanun?" Wata maƙwabciyata 'yar garin Tawa ta riƙe haɓa ta ce, "Ke yanzu da ɗakinki da gadonki, ki tai daji ki kwana cikin akwati, kuma ki biya? Wanga aikin Nasara na." Ko a jikina. Na ce su yi ta yi, mu dai za mu Lyon, mu kwana biyu a wurin da ake kafa irin waɗannan ɗakuna a bakin wani tafki, daga nan mu gangara duk inda rai ya so.

Kuskuren da aka yi shi ne ambatar Lyon. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san cewa Bahaushe ba ya tafiya hannu rabbana. In aka ji za ka wani gari, to kowa yana da ɗan uwa a can, kuma kowa yana da ɗan saƙo. Ba zan zagi wannan al'ada ba, don na ci moriyarta. Kukar miya da yajin da mahaifiyata take aiko mini daga Damagaram, a jakunkunan mutanen da ban taɓa sani ba suke zuwa, ba wanda ya taɓa cewa a biya shi. Saboda haka da mata suka fara hawowa da 'yan ledojinsu, wannan turmin atamfa, waccan kwalbar turaren wuta, na karɓa da hannu biyu. Duka-duka ba su cika jaka guda ba.

Sai kuma na Alhaji. Alhaji dattijo ne ɗan kasuwa a Montreuil, mutumin garin su maigidana. Ranar da maigidana ya sauka ƙasar nan yana ɗalibi, da 'yar jakarsa ba ko rigar sanyi, Alhaji ne ya tarye shi, ya ba shi katifa da abinci har ya tsaya da ƙafarsa. Shi ya yi wa 'ya'yanmu uku huɗuba. Ni kaina Baba nake ce masa, kuma in zan gaishe shi har ƙasa nake durƙusawa. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan tun yanzu. Yana dai da ƙane mai butik ɗin kayan abincin Afirka a Lyon, a unguwar Guillotière, kuma shi Alhaji in ya ga abu mai taya, kaya yake gani a kansa.

Ana gobe za mu tafi, ina wurin aiki, maigidana ya je ya ɗauko karaban daga inda muke ajiye shi a bayan gari. Ba a tafiya ba a yi wa babba sallama ba, sai ya biya ta Montreuil da abin ɗaure a bayan mota. Da ya dawo na tambaye shi ya Baba, ya ce lafiya lau, ya ba da ɗan saƙo a kai wa ƙanensa. Na ce mene ne, ya ce 'yan kayan miya ne. Na lura bai kalle ni ba da yake faɗa, amma ina fama da ninke kayan yara, na bar maganar. Kayan kwanciya da tukwane tun makon jiya na shirya su a ciki, don haka ba abin da zai kai ni buɗe ƙofar.

Da safe muna sakkowa da yara sai ga Alhaji da kansa a bakin bene, ya zo ya yi mana addu'ar tafiya. Tare da shi akwai wani baƙonsa, magidanci, ɗan kasuwa da ya zo daga gida, riƙe da jakarsa. Bayan an gaisa, an tambayi gida da gajiya da kwanan yara, Alhaji ya ce, "Ɗiyata, ga baƙona shina son zuwa Lyon, ku sauke shi wajen ƙanena."

Na dubi kujerar baya. Kujerun yara uku sun cinye ta, ko allura ba ta da wuri. Na ce, "Baba, ai babu wuri."

Ya yi dariya ya nuna karaban da sandarsa. "Wanga ɗaki fa, na mi ne? Ba gado ke ciki ba? Manyan biyu su shiga nan su yi kwanciyarsu, a ɗan matsa musu wuri, kafin su farka an kai."

Yaran da suka ji haka suka hau tsalle, dama abin da suke roƙo ke nan tun ranar da aka sayo shi. Maigidana ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. Ni kuwa na buɗe ƙofar mota. Na ɗauki auta na ɗaure shi a kujerarsa, na ɗauki na tsakiya na ɗaure, na kama babbar tana kuka na ɗaure. Sannan na juyo na durƙusa na ce, "Baba, doka ta hana a sa mutum ciki ana tafiya, kuma ko ba doka ba zan iya ba. A yi mana addu'a." Fuskarsa ta canza, amma ya ɗaga hannu ya yi addu'ar, gajeruwa. Baƙon ya ɗauki jakarsa, na ji daga baya jirgin ƙasa ya bi. Na ce wa maigidana bari in leƙa ciki in ga an kashe gas, ya ce ya duba, an kulle, an yi addu'a, mu tafi kada rana ta yi.

Fita daga Paris ya ci mana lokaci, amma da muka hau otorut, wato babbar hanya, raina ya yi fari. A lokacin wayar salula ba ta nuna hanya, babbar taswira ce buɗe a cinyata. Yara suka manta da kuka, suna ƙirga shanu a gonaki, na tsakiya yana tambaya ko mun kai tun ba mu yi nisa ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Duk lokacin da wata babbar mota ta wuce mu, sai in ji bayan motarmu ya ɗan karkata kamar ana jan zanen mutum daga baya. Na ce, "Ka ji abin da nake ji?" Ya ce iska ce. Na ga yadda ya damƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa sun tashi, na san shi ma bai yarda da maganarsa ba.

Mun wuce Auxerre, ƙasa ta fara tudu da gangare. A kan wani dogon gangare wata bas ta fyallo ta gefenmu, iskarta ta bugi karaban. Na dubi madubi na ga ɗakin ya leƙo ta hagu, ya koma, ya leƙo ta dama. Kafin in buɗe baki ya fara kaɗa mu, motar gaba ɗaya tana bin sa, hagu, dama, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi. Maigidana yana salati, na ga ƙafarsa ta nufi birki, na kurma ihu, "Kada ka taka! Ɗage ƙafarka!" Butar shayi ta tashi ta bugi gilashi. Auta ya tsala kuka, na tsakiya yana kiran Maman, Maman, babbar kuwa ko motsi ba ta yi ba, ta zuba mini ido kawai. Daga bayanmu muka ji wani ƙara, rugum, kamar katanga ta faɗi. Motoci suna ta oda suna kauce mana. Na ga ƙarfen gefen hanya ya taho daf da tagar da 'yata take, na rufe ido na yi kalmar shahada.

Allah ne kaɗai ya tsare. Da muka kai ƙarshen gangaren hanya ta fara hawa, gudun ya mutu, kaɗawar ta ragu har ta tsaya. Muka lallaɓa kamar masu ɗauke da ƙwai har zuwa wurin hutawar matafiya na gaba, mai gidan mai da tebura a ƙarƙashin itatuwa. Maigidana ya kashe mota ya kifa kansa a sitiyari. Na kwance yara, na shafa kowa daga kai har ƙafa, na ba su ruwa, na zaunar da su a ciyawa. Sannan na dawo na miƙa hannu.

"Ba ni makulli."

"Bari in duba da kaina, ki zauna da yara."

"Baban yara, ba ni makullin nan."

Da ƙyar ƙofar ta buɗe. Gwangwanin tumatir ne ya fara gangarowa ya faɗo a kan ƙafata. 'Yan kayan miya! Buhunan shinkafa ne manya, da kwalayen tumatirin gwangwani, da kwalayen dabino, da jarkokin man ja, kayan butik sosai. Da yake tsakiya akwai tebur da murhu, samarin Alhaji sun jibge su duka a ƙuryar baya, a kan gadon yara, har rufi, suka lulluɓe da bargunan 'ya'yana. Gadon sama ya karye ya rufto a kan na ƙasa da buhuna a kansa. Jarka ɗaya ta fashe, man ja ya malale a kan matashin 'yata, ja wur, yana ɗiga ƙasa. Na san mai ne, hancina ma ya gaya mini, amma sai na zauna a bakin ƙofar ina kallonsa. Nan ne aka ce in matsa musu wuri su kwanta.

Ban yi kuka ba. Tsoro ya wuce, abin da ya zo bayansa fushi ne, irin wanda ban taɓa yi ba, mai sanyi, wanda ba ya sa ihu. Na tuɓe mayafina na ɗaure a ƙugu, na ɗauki kwali na farko na fito da shi na dire a kan ciyawa.

Maigidana ya taso. "Mi kike yi haka? Don Allah ki tsaya. Mu gyara musu zama, mu rage gudu, a hankali za mu kai."

Na ce, "Ko gwangwani ɗaya ba zai sake bin bayan 'ya'yana ba."

"To mi zan ce wa Alhaji? Mutumin da ya riƙe ni ba ni da kowa? Da na ga suna lodi na so in yi magana, wallahi bakina ya ƙi buɗuwa."

"Na sani. Shi ya sa ba kai za ka faɗa ba, ni zan faɗa."

Na ci gaba da fito da kaya. Aikina ɗaga tsofaffi ne daga gado zuwa kujera, kwali ba zai gagare ni ba. Ya tsaya yana kallona, hannu a aljihu, kamar wanda aka aiko ya manta saƙon. Da na zo kan buhun shinkafa na ja, na ja, ya ƙi motsi daga ƙarƙashin katakon da ya karye. Ina cikin kokawa da shi sai na ji ya yi sauƙi. Maigidana ne ya kama ɗaya kunnen. Muka fito da su duka muka jera a gindin wata itaciya.

Na karɓi salularsa na kira Alhaji. Na gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ban rage ko ɗaya ba, na tambayi Hajiya da kasuwa. Sannan na gaya masa abin da ya faru, da inda muke, da inda kayansa suke.

Ya ce, "To alhamdu lillahi da Allah ya kiyaye. Ai tunda anka tsira, sai a maida kaya a ci gaba. Abin da Allah bai rubuta ba ba shi faruwa."

Na ce, "Haka ne, Baba. Amma ba za a maida ba. A gaya wa ƙanenka ya taho da kamiyonet ɗinsa, motar da yake ɗaukar kaya."

"Ke! Ki ba ni mijinki."

"Yana nan, Baba, amma maganar tawa ce."

"Ɗiyata, amana ce na ba shi. Amana za ki yasar bisa hanya kamar shara?"

"Ba zan yasar ba. Zan zauna a kansu in tsare su har la'asar. In an zo, madalla. In ba a zo ba, zan damƙa su ga masu gidan man nan in ce ga mai su, mu wuce. Ni ma amana gare ni, Baba, guda uku, kuma su suka riga zuwa hannuna."

Ya kashe waya. Ban taɓa mayar wa babba magana ba tun da uwata ta haife ni. Amma ko kusa ban ji nadama ba.

Haka na hau kan buhunan shinkafa na zauna kamar mai jiran ciniki a kasuwar ƙauye. Matafiya suna wucewa suna kallona, wani Bafaranshe ma ya tsaya ya tambaya ko dabinon na sayarwa ne. Na shimfiɗa wa yara tabarma, na buɗe kular dambun da na yo, muka ci da hannu kowa yana kallo. Suka gano wurin lilo a bayan tebura, suka yi ta gudu a ciyawa ba takalmi, na tsakiya ya kama fara ya kawo wa ubansa ya gaya masa sunanta. Su a wurinsu hutu ya riga ya fara. Salula ta yi ta ƙara, abokan maigidana ne da labari ya kai musu, wannan ya ce a yi haƙuri, wancan ya ce a duba girman Alhaji. Na ce ya kashe ta, ya kashe.

Rana ta karkata sai ga ƙanen Alhaji da farar kamiyonet. Na gaishe shi, ya yi kamar da itaciya nake. Ya dubi kayan, ya dubi jarkar da ta fashe, ya juya wajen maigidana. "Malam, na rufe butik na yo wannan doguwar tafiya saboda rigimar mace? Kai ne maigida ko ita?"

Na san halin nawa, na ce yanzu zai fara ba da haƙuri. Sai ya kama hannun mutumin ya ja shi har bakin karaban, ya nuna masa ƙuryar baya, katakon da ya karye da matashin da ya jiƙe. Ya ce, "Nan anka ce a sa yara da safe. Ita ta hana. Ni ban iya ba." Ya dai faɗa. Mutumin ya daɗe yana kallo. Bai ba da haƙuri ba. Suka loda kayan su biyu, ya ja motarsa ya tafi.

Ni na karɓi tuƙi daga nan. Karaban ya biyo mu lafiya lau kamar ɗan akuyar da ya saba da mai shi. Muka ratsa Lyon yara suna ihu da suka ga koguna da gadoji, muka isa bakin tafkin kafin magariba. Muka fitar da katakon da ya karye, na wanke abin da zai wanku, na shimfiɗa musu katifu a ƙasa. Har muka gama hutun nan ɗakin yana warin man ja. Da safe na buɗe ƙofa na ga su ukun tsaye a bakin ruwa da kayan barci, suna jefa wa agwagi burodi, babbar tana riƙe da hannun auta. Na tsaya ina kallonsu, na ƙirga su, na sake ƙirgawa kamar wata zararra.

Da muka dawo Stains na tarar an gama yanke mini hukunci. An ce na wulaƙanta dattijo, an ce zaman Faransa ya fitar mini da kunya, an ce na mallake mijina. Manyan abokan maigidana suka zo har gida, wai in je in ba Alhaji haƙuri magana ta mutu. Na ce zuwa kam zan je, don wanda ya dawo daga tafiya shi ke zuwa gaida babba. Na je da tsarabata, na durƙusa har ƙasa, na gaishe shi, na ce mun dawo lafiya. Ya jira sauran, ni ma na yi shiru. Muka zauna haka har shayin da aka kawo mini ya huce, na yi sallama na tashi. Haƙuri ana ba da shi ne a kan laifi, ni kuwa na duba sama da ƙasa ban ga nawa ba.

Ba a daɗe ba aka yi wani suna a Clichy-sous-Bois, ɗaki cike da mata. Ina shiga Hajiyar Alhaji ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ku ɓoye kayanku, ga mai zubda saƙo bisa titi ta iso." Aka yi 'yar dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Na ƙarasa gabanta na gaishe ta yadda ya kamata. Sannan na ce, "Hajiya, shinkafarku ta kai Lyon ko ba ta kai ba?" Ta ce ta kai. Na jawo 'ya'yana na tsayar da su a gabanta na ce, "Nawa ma sun dawo." Na nemi wuri na zauna, na ci tuwona har na ƙara.

Abin bai tafi a banza ba, na biya. Akwai gidajen da aka daina kirana biki, akwai matan da muke ɗasawa da suka ja baya. Alhaji bai sake sakar mini fuska ba har ya tattara ya koma gida, kuma wannan ya yi mini ciwo, don ina ƙaunarsa, kuma alherin da ya yi wa mijina ba ƙarya ba ne. Saƙo kuwa ban daina ɗauka ba. Mun yi shekaru muna yawo da karaban ɗin nan, kuma duk tafiya akwai ledar wani a ƙarƙashin ƙafata. Abin da na daina shi ne karɓar abin da ban buɗe ido na gani ba, ko daga hannun wa ya fito.

An raine mu a kan cewa kunya ado ce, kuma ban musa ba, na koya wa 'ya'yana ita. Amma ranar nan ta nuna mini inda take ƙarewa. Kunya ce ta rufe bakin mutumin kirki yana kallo ana loda abin da zai kashe masa iyali, kuma da na biye mata da safen nan, da ni da hannuna zan buɗe wa 'ya'yana ƙofar ɗakin in ce su shiga su kwanta. Da hakan ta faru, mutanen nan da suka zage ni su ne za su cika mini gida, su zauna a tabarma, su yi ta yaba tarbiyyata suna ce mini sai haƙuri. Na zaɓi zagin. In yau aka mayar da ni gindin itaciyar nan, zan sake ɗaure mayafina a ƙugu in sauke kayan, buhu bayan buhu. Gara a nuna ni a ce ga marar kunyar can da 'ya'yanta uku, da a zo yi wa mai kunya gaisuwar rasuwa.